Jiragen da ke kwana Kano ayari-ayari a zamanin Yaƙin Hitila: daga ina suke, ina suka nufa?

Tambaya: Malam, kakana, Allah ya jiƙansa, ya sha ba mu labari cewa a zamanin Yaƙin Hitila, yana yaro a Fagge, jirage kan sauka Kano su shida ko bakwai, babba a gaba ƙanana na biye kamar kaza da 'yan tsakinta, da farin fenti a bayansu. Washegari da sassafe sai su tashi su yi gabas, ba kuma a ganin dawowarsu. Wace runduna ce wannan? Daga Kano ake tashi a je a jefa wa Jamusawa bam, ko kuwa irin hirar tsofaffi ce kawai?

Amsa:

Allah ya jiƙan tsoho, ya kai haske kabarinsa. Ɗana, abin da ya ba ku tarihi ne tsagwaronsa, kuma na yi mamakin idonsa, don abubuwa ukun da ya riƙe, wato babba a gaba, da farin fenti, da rashin dawowa, su ne ainihin alamomin aikin. Na yi shekaru ina aikin tsara wa jirage hanya kafin na koma aji, saboda haka wannan labari ne da nake jin daɗin bayarwa. Ka gyara zama.

Da farko, ba daga Kano ake kai hari ba. Jiragen nan sababbi ne fil, kaya ne ake kaiwa, kamar yadda dillalin mota kan ɗauki direbobi su koro masa motoci daga bakin ruwa zuwa Arewa. Masu su rundunar sojan saman Ingila ce, RAF. Ana haɗa su a Takoradi, a ƙasar Gwalkwas wadda yau muke kira Gana, a tuƙo su a ratsa Najeriya da Chadi da Sudan har Masar, inda ake gwabzawa da Italiya, daga baya da Jamus. Kano zango ce a hanya.

Dalilin wannan doguwar kewaya shi ne abin da ya faru a watan Yuni na 1940. Ranar 10 ga wata Italiya ta shiga yaƙi a ɓangaren Jamus, ranar 22 Faransa ta sa hannu a takardar saduda. Cikin mako biyu Bahar Rum ta zama ba ta biyuwa ga jiragen ruwan Ingila na kaya. Ga sojoji a Masar suna tsaron mashigin Suwes, ga jiragensu tsofaffi kuma 'yan kaɗan, ga sababbi a masana'antun Ingila babu ta inda za a kai su. Manyan jirage masu dogon zango suna iya bi ta Jibralta da Malta cikin dare, da kasada. Ƙananan jiragen faɗa irin su Hurricane kuwa mansu ba zai kai ba. In an loda su a jirgin ruwa a zagaya ta ƙasan Afirka ta Kudu a hau Bahar Maliya, tafiyar wata biyu ce zuwa uku. Gaba kura, baya sayaki. Sai aka tuna da hanyar da ke ratsa tsakiyar Afirka.

Na ce aka tuna, don hanyar ta girmi yaƙin. Jiragen sama na farko da suka taɓa sauka Kano sun zo ne ranar 1 ga Nuwamba 1925, guda uku samfurin DH.9A na RAF, daga Helwan kusa da Alƙahira, suka biyo ta Sudan da Chadi da Maiduguri, suka sauka a filin da Turawa ke wasan dawakai. Jagoransu wani hafsa ne mai suna Arthur Coningham. Ka riƙe sunan nan, zai dawo. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya buɗe jigilar wasiƙu daga Hartum zuwa Kano, ya miƙa zuwa Legas a shekarar, sannan Akara a 1937. Saboda haka akwai filaye, amma filayen da aka yi don jirgi ɗaya a mako, da ɗan gidan saukar baƙi da 'yan garewanin mai. Kafin jirage ma, ƙafa ta riga ta san hanyar: Kano, Borno, Wadai, Darfur, Kurdufan, bakin Nilu. Hanyar alhazan ƙasa ce, wadda kakanninmu ke yin shekaru a kanta, wasu su zauna a Sudan har zuriyarsu na can yau. Jiragen saman kanta kawai suka bi.

Takoradi aka zaɓa don tana da tashar jiragen ruwa mai zurfi, wadda aka buɗe a 1928, da filin jirgin sama kusa da ita. A watan Yuli 1940 Guruf Kyaftin H. K. Thorold ya sauka can da 'yan mutane ashirin da ɗoriya don share fage, babbar tawaga ta kimanin mutum 350 ta biyo baya a Agusta. Farkon Satumba akwatuna suka fara isowa, manyan akwatunan katako, kowanne da gangar jikin jirgi a ciki, fukafukai daban, farfela daban. Jirgin ruwa mai ɗaukar jiragen sama, HMS Argus, ya kawo wasu Hurricane, daga baya HMS Furious ya yi ta sawu. Kafin Satumba ta ƙare ayarin farko ya tashi, ya kuma isa Masar cikin kimanin mako guda. Daga saukar Thorold zuwa isar ayarin farko bai cika wata uku ba. A ganina wannan shi ne abin al'ajabi na farko a labarin, don mutanen nan suna gina rumfunan aiki ne suna haɗa jirage a lokaci guda, cikin damina, zazzaɓin cizon sauro na kwantar da su ɗaya bayan ɗaya. Akwatunan da aka fitar da jiragen ma ba a yar ba, an mai da wasu ofisoshi da ɗakunan ajiya.

Duk wannan da ya tashi a banza in ba don wani mutum guda ba. Ka duba taswira: tsakanin Maiduguri da Sudan akwai Chadi, kuma Chadi ta Faransa ce. Bayan saduda, yawancin ƙasashen da Faransa ke mulka a Afirka ta Yamma sun bi gwamnatin Bishi mai ɗasawa da Jamus, har da Nijar da Dahome da Togo. Amma gwamnan Chadi, Félix Éboué, baƙar fata ɗan asalin Giyana ta Faransa, ya bayyana ranar 26 ga Agusta 1940 cewa Chadi na tare da Janar de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi saduda. Gwamnan Najeriya na lokacin, Bernard Bourdillon, ya taka rawa wajen ƙarfafa masa gwiwa, don cinikin Chadi ta Najeriya yake fita. Da Éboué ya bi sahun maƙwabtansa, da babu hanyar Takoradi, ko kuma sai an ci Chadi da yaƙi tukuna. Ba a cika ambatonsa a wannan labari yadda ya kamata ba.

Yanzu ga zangunan. Daga Takoradi zuwa Legas mil 378 ne, ana bin gaɓar teku amma a ɗan nesa da ita, don kada a shiga samaniyar Togo da Dahome. Wanda injinsa ya mutu ya sauka can, tsare shi za a yi. A Legas filin Apapa aka fara amfani da shi kafin a gina na Ikeja. Daga Legas zuwa Kano mil 525, rabin farko duk kurmi, wanda in jirgi ya faɗa ciki itatuwa su rufe a kansa kamar ba a yi ba. Kano zuwa Maiduguri mil 325. Maiduguri zuwa Junaina a bakin iyakar Sudan mil 689, ana iya tsayawa shan mai a Fort Lamy, wato Injamena ta yau. Junaina zuwa Hartum, ta Fashir da Ubayyid, mil 754. Daga Hartum a bi Nilu ta Wadi Halfa da Luksor zuwa Abu Suwer kusa da Isma'iliyya, mil 1,026. In ka haɗa, mil 3,697 ke nan, kusan kilomita 6,000. Awa 24 ne a sama, a rarrabe cikin kwana shida in komai ya tafi daidai. Sau da yawa ba ya tafiya daidai.

Mu zo kan kazar da 'yan tsakinta. Hurricane mutum ɗaya take ɗauka. Shi ne direba, shi ne mai duba taswira, da taswirar a cinya, hannu ɗaya a sitiyari. Blenheim kuwa jirgi ne mai inji biyu, yana ɗaukar mutum uku: matuƙi, da mai lissafin hanya, da mai wayar iska. Don haka kowane ayari sai a sa Blenheim ko makamancinsa a gaba ya zama madugu, ƙanana biyar ko shida su jeru a gefensa, aikinsu kawai kada su bari ya ɓace musu. Tsarin fatake ne sak: jagaba ya san rijiyoyi da zanguna, sauran su bi ƙurarsa.

Bari in nuna maka abin da ya sa haka da lissafi. A aikinmu akwai wata ƙa'ida da muke koya wa ɗalibai tun makon farko: in ka kauce da digiri ɗaya tak a kamfas, bayan mil 60 ka bar hanya da mil ɗaya. To ɗauki zangon Maiduguri zuwa Junaina. Iska ta tura ka gefe da digiri biyar ba ka sani ba, abin da ke faruwa cikin sauƙi in babu wanda ya auna maka iskar sama. Kafin ka cinye mil 689 ka kauce da mil 57. Garin da kake nema ɗan tabo ne a cikin ƙasa mai launi ɗaya, babu layin dogo, babu kwalta, koguna duk busassu, taswirar kuma akwai wuraren da fari ne fat babu ko zane. Tankinka saura na minti talatin ko arba'in. Dama za ka juya ko hagu? Wannan tambayar ta ci mutane.

Sannan ga yanayi. Wanda ya zauna Kano ya san hazon hunturu. Ni kaina na sha tsayawa a bakin titin jirgi da hantsi, rana ta zama kamar farin faranti, ina jin ƙugin jirgi a bisa kaina yana kewayawa, ban gan shi ba shi ma bai ga ƙasa ba, har ya haƙura ya juya. Wannan fa da na'urorin zamaninmu ke nan. Su a 1940 da 1941 tashoshin wayar iska kaɗan ne a hanyar, masu hasashen yanayi ma haka. Da damina kuma hadarin la'asar kan taso daga gabas kamar bango, tsayinsa ya fi inda ƙaramin jirgi zai haura, faɗinsa ya fi a kewaye da ɗan man da ya rage. Shi ya sa suke sammako, kamar yadda kakanka ya gani: a tashi da sanyin safiya, a sauka kafin hadari ya haɗu, kafin kuma zafin rana ya sa injin ya tafasa tun yana ƙasa. A Sudan ga guguwar ƙura da suke kira habub.

Nan farin fentin ya shigo. Jiragen yaƙi ana yi musu fenti ne mai sajewa da ƙasa don kada maƙiyi ya hango su. A wannan hanya sajewar ita ce masifa, don jirgin da ya yi saukar dole a daji, masu nema za su wuce ta kansa sau uku ba su gan shi ba. Sai aka riƙa shafa fari a saman jela da bayan gangar jiki tun daga Takoradi, a goge in an isa Masar. Ƙa'idar ita ce in ka sauka ka tsaya kusa da jirginka, don shi ake iya hangowa daga sama, mutum mai tafiya a ƙasa ba a ganinsa. Da yawa daga waɗanda suka tsira mutanen ƙauye ne da makiyaya suka tsince su, suka ba su ruwa, suka kai su wurin hakimi ko bariki a kan doki ko raƙumi.

Ka tambayi sunan rundunar. A nan sai an yi hankali, don ba suna ɗaya ta riƙe ba. Da farko tashar RAF ta Takoradi ce ke da komai, makanikai da matuƙa, tana da 'yan ƙananan rassa a kowane zango. A ƙarshen 1941 aka tattara matuƙan ƙarƙashin sashe guda mai suna Aircraft Delivery Unit, wato sashen kai jirage, mai hedkwata a Alƙahira. A 1942 aka kafa Rukuni na 216 ya ɗauki nauyin kai jirage da jigila a yankin gaba ɗaya, shi kuma ya shiga ƙarƙashin babbar rundunar jigila ta RAF da aka kafa a Maris 1943. Kada ka rikita su da 'yan'uwansu biyu da aka fi yi wa rubutu: masu tsallako da jirage Tekun Atlantika daga Kanada, waɗanda suka fara da jirage bakwai a Nuwamba 1940, da kuma ƙungiyar farar hula ta ATA a cikin Ingila, wadda har mata ke tuƙi a cikinta. Aiki iri ɗaya ne, wurare daban.

Matuƙan kansu gauraye ne. Akwai waɗanda aka turo yaƙi Masar, aka ce to ku tafi da jirgi a hannu, tafiya ɗaya ke nan. Akwai waɗanda aka janye daga fagen fama don su huta, hutun ke nan. Akwai kuma 'yan ƙasar Folan masu yawa, ƙwararru waɗanda Jamus ta cinye ƙasarsu a 1939, aka ga shekarunsu sun ɗan ja ga faɗan sama sai aka ba su wannan aiki, ƙarƙashin Kanar Mateusz Iżycki. Ka yi tunanin mutumin da ya tashi cikin ƙanƙara yana kwana a Maiduguri a watan Afrilu. Jiragen ba sa dawowa, gaskiyar kakanka, amma mutanen suna dawowa. In sun miƙa kaya a Masar sai a kwaso su a jirgin fasinja na kamfanin Ingila BOAC ko na sojan jigila, a mai da su Takoradi su ɗauki wani. Har da jiragen kamfanin Sabena na Beljiyam da ke Kwango aka yi haya, cikinsu akwai Junkers ƙirar Jamus. Jirgin Jamus na ɗauko matuƙan da za su kai jiragen yaƙar Jamus.

Amma in ka tambaye ni inda ainihin wahalar take, a ƙasa take, kuma sunanta fetur. Hurricane na shan galan 90 da 'yan kai a tankunanta na ciki, aka ƙara mata tankuna biyu a ƙarƙashin fukafukai masu galan 44 kowanne don wannan tafiya. A lokacin yawancin mai a garwa yake zuwa, irin garwar nan mai galan huɗu da 'yan ga-ruwa suka gāda. Cika jirgi ɗaya da babu komai a tankinsa garwa 45 ke nan ko fiye, a ɗaga kowace a hau fiffike, a tsiyaya ta mazurari da fatar tacewa don kada ruwa ko ƙura su shiga. Ayari guda, da madugunsa mai inji biyu, garwa ɗaruruwa. Kano ta yi sa'a, jirgin ƙasa na kawo mata daga Legas. Maiduguri ba ta ga layin dogo ba sai 1964, don haka sai a lori, a kan hanyar burji da damina ke yankewa. Na Fort Lamy wani ta Binuwai yake hawa zuwa garin Garwa na Kamaru in ruwa ya cika, sannan a lori. A Sudan layin dogo a Ubayyid ya tsaya, daga nan zuwa Fashir da Junaina sai lori da raƙuma. Lorin kuma yana ƙone wani kaso na abin da ya ɗauko kafin ya isa, garewani na yoyo, rana na shanye wani. Jirgin da ke gudun mil ɗaruruwa a awa, da tafiyar raƙumi yake rayuwa.

Wannan ya sa harin da aka kai Fort Lamy a Janairu 1942 ya yi zafi. Wani Bajamushe mai suna Theo Blaich, wanda ya san Afirka tun kafin yaƙi, ya gane cewa jijiyar hanyar a nan take. Suka taso da jirgi ɗaya tak, Heinkel 111, daga wani ɗan fili a kudancin Libiya, suka ratsa Sahara, suka saki bama-bamai a kan ma'ajiyar mai, man da aka yi watanni ana tarawa ya tashi a wuta. A hanyar komawa su ma mansu ya ƙare, suka sauka a hamada, sai bayan kwanaki 'yan'uwansu suka gano su. Wannan ne mafi kusa da yaƙin sama ya zo ƙasar Hausa da Borno, don Fort Lamy da Maiduguri tafiyar ƙasa da awa guda ce a jirgi.

Su wa suka ɗauki garewanin, su wa suka faɗaɗa filayen? Mutanenmu ne. Ma'aikatar ayyuka da En'e-En'e ke tara leburori, a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero da Shehun Borno Sanda Kyarimi. Da diga da shebur da kwanon sarki aka fasa marmara, aka ɗebo, aka zuba, aka daɓe. Ga masu gadi, ga kuku, ga direbobi, ga masu wanki, ga waɗanda suka koyi riƙe sifana a gefen fitocin Turawa har suka zama makanikai. A Takoradi ma ma'aikatan ƙasar suna cikin masu sauke akwatuna da haɗa jirage. Littattafan tarihin yaƙi sun rubuta sunan kowane samfurin jirgi da lambarsa, su kuwa waɗannan a jimla ɗaya ake gamawa da su. Wannan yana ci mini rai. Kuma kada a ɗauka duk da son rai aka yi aikin zamanin yaƙi, don a shekarun nan ne aka yi ta kwasar mutane aikin tilas zuwa haƙar kuza a Jos.

Kada in sa ka ɗauka komai ya tafi sumul. Farkon 1941 hanyar ta cushe. Jirgi ya lalace a Kano ko Fashir, abin da ya karye ɗan ƙarfe ne da bai fi yatsa ba, amma babu shi sai a Takoradi ko Masar, sai jirgin ya yi makonni a rana. Jiragen Tomahawk na Amurka sun zo da nasu matsaloli, ga ƙarancin kayan gyaransu, ga makanikan ba su saba da su ba. Waɗanda suka isa Masar ma ba a shiga faɗa da su nan take, don ƙura da zafi da doguwar tafiya sun riga sun ci wani ɓangare na ran injin, sai an kwance an duba, an cire tankunan ƙari, an daidaita bindigogi. Firayim Minista Churchill a Landan yana ƙirga jiragen da aka aika, yana ƙirga waɗanda ke fagen fama, lissafi ya ƙi haɗuwa, ya yi ta aika saƙonni masu zafi. Wannan na cikin abin da ya sa aka janye kwamandan sojan sama na yankin, Longmore, a Mayu 1941, mataimakinsa Arthur Tedder ya hau. Tedder kuwa ta wannan hanya ya bi ya je Masar a Disamba 1940, ya ga zangunan da idonsa. A zamaninsa aka gyara sha'anin gyare-gyare da kayan safaya.

Sai Amurkawa. Tun kafin su shiga yaƙi, a Agusta 1941, Shugaba Roosevelt ya sanar cewa kamfanin Pan American zai riƙa jigila da kai jirage ta wannan hanya. Suka zo da kuɗi da injuna, suka ƙara tsawon filaye, suka kafa tashoshin wayar iska da gidajen kwana a Akara, Legas, Kano, Maiduguri har Hartum. Zuwa ƙarshen 1942 sojan Amurka suka karɓi aikin daga hannun kamfanin. Manyan jiragensu ba sa buƙatar akwati: daga Miyami su bi ta Barazil, su tsallako teku, wasu su sha mai a tsibirin Asenshan, su sauka Akara, su kama hanyar Kano. Wasu Masar suka nufa, wasu Indiya da Sin, wasu Rasha ta Iraƙi da Iran. Ƙananan kuma jirgin ruwan USS Ranger ya kawo su gaɓar Akara suka tashi daga kansa, P-40 guda 68 a Mayu 1942, wasu 72 a Yuli. Na Yulin nan sun yi faɗa a El Alamen.

El Alamen ɗin, a Oktoba 1942, nan ne aka karya ƙarfin Rommel, kwamandan sojan Jamus, a Masar, kuma rinjayen da Ingila ta samu a sama na cikin manyan dalilai. Kwamandan sojan saman hamada a wannan rana shi ne Arthur Coningham, mutumin nan da ya fara sauke jirgi a Kano shekara 17 kafin nan. Kaso mai tsoka na jiragen da ke hannunsa ta Kano suka bi suka same shi.

Jimillar jiragen da RAF ta kai ta wannan hanya daga Satumba 1940 zuwa ƙarshen 1943 ta haura 5,000: Hurricane, Blenheim, Tomahawk, Kittyhawk, Maryland, Baltimore, Beaufighter, har Spitfire daga baya. In ka raba, jirgi huɗu ko biyar ke nan kowace rana ta Allah har shekara uku, ban da na Amurkawa masu wucewa. Ka ga ba abin mamaki ba ne yaron Fagge ya haddace kamanninsu, filin jirgi na bayan gidansu.

Abin da ya kashe hanyar nasara ce. Sojan ƙawance suka sauka Maroko da Aljeriya a Nuwamba 1942, Tunis ta faɗi a Mayu 1943, Bahar Rum ta buɗe, haɗa jirage ya koma wurare irin su Kasabalanka da suka fi kusa da fagen fama. Takoradi ta yi ta raguwa, kodayake jiragen jigila sun ci gaba da ratsa Kano har ƙarshen yaƙi. Filin da aka faɗaɗa shi ya zama gadon Kano: bayan yaƙi jiragen Turai masu zuwa Legas da Afirka ta Kudu nan suke tsayawa bayan sun ƙetare Sahara, aka kafa kamfanin jiragen Afirka ta Yamma a 1946, alhazai kuma suka fara tafiya ta sama, suna bin kusan zangunan nan har Hartum kafin su tsallaka Jidda. Shi ne filin Malam Aminu Kano na yau.

Wani amfani da za ka ci daga labarin tsoho: yana iya taimaka muku gano shekarunsa, tunda na san mutanen lokacin ba su da takardar haihuwa. Ayarin ƙananan jirage da madugu a gaba da farin fenti, tsakanin ƙarshen 1940 da 1943 ne. In yana da shekara takwas zuwa sha biyu a lokacin, to haihuwarsa ta faɗa tsakanin 1928 da 1935. Ka tambayi manyan gidanku ko ya taɓa faɗin tambarin da ke jikin jiragen. In zobe ne cikin zobe, shuɗi a waje ja a tsakiya, na Ingila ne, kuma ko wace shekara cikin ukun tana yiwuwa. In ya ambaci farin tauraro, na Amurka ne, ka fara ƙirga daga 1942.